Milimita Uku da Suka Hana Mu Barci

 Tun da shugabannin zaure suka ce kowa ya rubuto abin da hannunsa ya taɓa, muka daɗe muna ja da baya, domin abin da muka fi sani bai yi mana kama da abin rubutawa ba. Mu biyu ne, wa da ƙani, muna da ɗan shago a Kano inda muke buga rubutu, mu tsara littafi da bangonsa, mu kuma tace bidiyon biki. Wasu daga cikinku sun taɓa kawo mana aiki. Labarin yau na wani tiyo ne da ya ƙi shiga inda muka so ya shiga, da abin da ƙin shigarsa ya jawo mana.

Duk wanda ya taɓa wuni a shago mai rufin kwano a watan Afrilu ba sai an yi masa dogon bayani ba. A waje zafi yakan kai digiri 40 har ya haura, a ciki kuwa kwano yana ƙara nasa. Mu dai mukan jure, mu sha ruwan sanyi mu koma kujera. Kwamfutar da muke tace bidiyo da ita ce ba ta jurewa. Ƙwaƙwalwarta, wato ɗan guntun da ke yin duk lissafin, tana da iyakar zafin da aka ƙera ta a kai, wajen digiri 95 zuwa 100. Da zarar ta kusanci wannan iyaka sai ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Aikin da ya kamata ta fitar cikin minti 40 sai ya ci awa biyu, fankokinta suna ta ƙara kamar injin markaɗe. Sau biyu tana mutuwa ana tsakiyar fitar da aiki, muka sake daga farko. Mun busa mata ƙura, mun canja man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke sanyaya ta, mun cire murfin gefe mun kafa mata fankar tsaye. Kowanne ya ɗan taimaka, amma babu wanda ya raba mu da matsalar.

Ƙaraminmu ne ya fara kawo maganar ruwa. Babbanmu ya yi dariya, ya ce tun muna yara ake ja mana kunne kada mu haɗa ruwa da lantarki, yanzu kuma da kuɗinmu za mu zuba shi cikin kwamfuta. Amma da muka zauna muka duba, sai muka ga dabarar ba baƙuwa ba ce, ita ce ke cikin kusan kowace mota. Ana ɗora wani faranti na jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar, ruwa yana bi ta cikinsa yana kwasar zafi. Ɗan famfo yana tura ruwan ta cikin tiyo zuwa lagireto, fankoki uku suna hura lagireton, ruwan ya huce, ya faɗa wani ɗan tanki, famfo ya sake ɗaukarsa. Haka yake ta zagayawa. Abin da ya sa ruwa ya fi iska a wannan aiki shi ne, zafin da kofi ɗaya na ruwa zai ɗauka sai an tara kofi kusan 3,500 na iska kafin su ɗauke shi.

Akwai irin wanda ake sayarwa a haɗe, an riga an cika shi da ruwa an rufe daga kamfani, ɗaurawa kawai za ka yi. Ya fi araha, ya kuma fi sauƙi. Muka ƙi shi bisa hujjar cewa idan famfonsa ya mutu duka ake zubarwa, kuma muna so nan gaba mu ƙara wa katin hoto nasa farantin. Hujjar gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Mun kalli bidiyoyi da yawa a YouTube na kwamfutoci masu ruwa mai launi yana yawo a ciki, mun kuma yi tunanin yadda mai kawo aiki zai tsaya yana kallo.

Sai mu faɗa muku wani abu game da katin hoton nan, domin shi ne ya sa labarin ya wuce wasa. Shi ne kaya mafi tsada a shagon, kuma ba da kuɗinmu muka saye shi ba. Umma ce ta ba mu kwasar adashenta, wadda ta yi wata goma tana zubi, a kan za mu riƙa biyanta kaɗan-kaɗan. A cikin akwatin kwamfuta kuwa, wannan katin yana kwance ne daidai ƙarƙashin inda farantin ruwan zai zauna. Duk ɗigon da ya kuɓuce daga sama, a kansa zai sauka.

Kayan muka yi odarsu daga ƙasar Sin ta kasuwar intanet, kuma a nan muka yi kuskuren da bai bayyana ba sai bayan mako uku. Muka raba aikin. Babbanmu ya sayi mahaɗai daga wani mai sayarwa, ƙaraminmu ya sayi tiyo daga wani daban saboda ya fi rangwame. Babba ya ɗaga murya daga kujerarsa ya ce, “Nawa aka rubuta a naka?” Ƙarami ya ce, “Uku bisa takwas na inci, Yaya.” Babba ya ce nasa ma haka. Kowa ya biya.

Bari mu bayyana mahaɗin nan, don wanda bai taɓa riƙe shi ba ya gane inda gizo ke saƙa. Ɗan ƙarfe ne da bai wuce babban yatsa ba, kuma gida biyu ne. Gida na farko yana da gindi mai haƙora da ake murɗawa cikin faranti ko lagireto ko tanki, yana kuma da wani ɗan tsini mai rami, mu muna ce masa hanci, wanda ake cusawa cikin tiyo. Gida na biyu zobe ne. Ana fara zura shi a jikin tiyo, a cusa tiyon a hanci, sannan a sauko da zoben a murɗa shi, ya matse naman tiyon a jikin hancin ta kowane gefe. Ke nan hanci yana aiki da faɗin ramin tiyo ne, zobe kuwa da kaurinsa na waje. Shi ya sa kowane tiyo yake da lamba biyu. Akwai 10/13, wato rami milimita 10, waje 13. Akwai 10/16, akwai 13/19, da wasunsu. A lissafin inci, 10/13 shi ne 3/8 da 1/2, 10/16 kuma shi ne 3/8 da 5/8. Duka biyun da 3/8 suke farawa. Mu lambar farko kawai muka karanta wa juna.

Kayan suka iso ranar wata Talata. A hannunmu akwai aikin bikin 'yar wata Hajiya, wuni uku na ɗauka, kamu da ɗaurin aure da dina, kuma mun yi alkawarin Juma'a domin ranar Asabar amarya za ta bi mijinta Legas. Hankali ya ce a gama aikin mutane tukuna. Mu kuwa muka ce ai haɗin awa huɗu ne, idan muka gama a daren nan, gobe kwamfutar za ta fitar da aikin cikin rabin lokaci. Bayan sallar isha'i muka janyo ƙofar shago, muka kwance tsohuwar fankar.

Da farko komai ya tafi daidai. Muka wanke cikin lagireto da ruwan ɗumi har sai da ɗan baƙin garin da ke fitowa ya ƙare. Muka ɗaura shi a gaban akwati da fankokinsa, muka kafa tanki da famfo a ƙasa, muka ɗora faranti a kan ƙwaƙwalwa. Farantin yana da murfi na wata roba mai tauri garai-garai kamar gilashi, ana ce mata akirilik, don a riƙa ganin ruwa yana wucewa. Muka murɗa gindin mahaɗai shida a gurabensu. Muka yanka tiyo na farko, muka ɗauki zobe za mu zura, zobe ya tsaya a bakin tiyo ya ƙi gaba.

Muka ce sabon tiyo ne, tauri gare shi. Muka dafa ruwa a butar shayi muka tsoma bakinsa har ya yi laushi, kamar yadda muka ga ana yi. Hanci ya shige ramin ba gardama, wannan ya ƙara tabbatar mana cewa awon daidai yake. Zobe dai ya ƙi. Muka shafa sabulu. Muka gwada sauran zobban ɗaya bayan ɗaya, ko wannan ne aka ƙera ba daidai ba. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, tafin hannunmu ya yi ja, gumi yana ɗiga a kan tebur. Duk wannan lokaci ledar da tiyon ya zo a ciki tana ƙarƙashin ƙafarmu da lambobinta biyu a rubuce, babu wanda ya sunkuya ya duba.

Wajen sha biyun dare ɗayanmu ya kawo shawarar reza, ɗayan kuma bai hana ba, don haka laifin na mu biyu ne. Muka riƙa fere bakin tiyon kamar ana fiƙe fensir, muna rage masa kauri har zobe ya samu ya shige. Reza ba injin ƙira ba ce. Wani gefen ya yi siriri, wani ya rage da tudu. Zoben yakan kama haƙori ɗaya ko biyu ya cije. A guda huɗu muka samu muka murɗa da yatsa har inda ƙarfinmu ya ƙare. Na kan farantin suka ƙi sam. Sai muka ɗauko filaya, muka naɗe zoben da tsumma don kada fentinsa ya kwaile, muka murɗa. Ya tafi zagaye ɗaya. Muka ƙara. Abin da ba mu lura ba shi ne, zoben ya riga ya cije, yanzu gindin mahaɗin ne gaba ɗaya yake juyawa yana nutsewa cikin murfin akirilik. Muka ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Muka dubi juna, muka haska da fitilar waya, ba mu ga komai ba, muka ce tsumman ne ya zame.

Abu ɗaya muka yi daidai a daren nan, shi ne gwajin yoyo. Ba a kunna kwamfuta da sabon haɗin ruwa. Ana zare duk igiyoyin wuta daga jikinta a bar na famfo kaɗai. Sannan a ɗauki babbar igiyar nan mai baki 24, a haɗa koriyar waya da baƙa ɗaya da ɗan guntun waya, sai akwatin wutar ya tashi ba tare da kwamfutar ta tashi ba. Muka shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi. Muka cika tanki, muka kunna na daƙiƙa biyu, muka kashe kafin tankin ya ƙafe, domin irin wannan famfo ruwan ne ke zame masa mai, idan ya juya a bushe lalacewa yake yi. Muka ƙara ruwa, muka sake kunnawa, har zagayen ya cika. Ruwa yana tafiya, kumfa tana fita, muka tafa hannu.

Ba a yi minti goma ba ƙaraminmu ya ce, “Yaya, dubi can.” Tishun da ke kan bayan katin hoto ya jiƙe, tabon yana faɗi a hankali. Katin da ya kamata mu cire mu ajiye a aljihun tebur tun farko, mun bar shi a wurinsa don ƙyuyar kwance noti biyu. Muka fizge wuta. Da muka karkata fitila sai ga tsagar, siririya kamar gashi, ta tashi daga bakin ramin mahaɗi ta ratsa murfin. Ɗaya daga cikin tiyon da muka fere ma yana tsatsafo da ruwa ta ƙarƙashin zobe.

Abin da ya biyo baya ba za mu kawo shi duka ba. An tambayi wanda ya sayi tiyo, an tambayi wanda ya sayi mahaɗai, an tambayi wanda ya ɗauko filaya. An tono maganar wata firinta da aka saya shekara biyu da suka wuce. Muka cire katin, muka goge shi, muka jingina shi gaban fanka, muka rufe shago muka tafi gida a babur ɗaya ba mai ce wa wani uffan. Da asuba Umma ta dube mu ta ce, “Me ya haɗa ku?” Muka ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce to Allah Ya sawwaƙe, ta ci gaba da lazimi. Babu wanda ya iya gaya mata cewa adashenta na wata goma yana jingine gaban fanka, ba mu san ko zai sake tashi ba.

Da safe muka kwashi tiyo da zobe da farantin muka shiga rumfar wani dattijo da ke bayan layinmu, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran lagireton mota. Muka gaishe shi, muka zube masa kayan. Bai tambaye mu labari ba. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da makanikai ke auna kauri da shi. Ya auna ramin tiyo, 10. Ya auna wajensa, 16. Ya auna ramin zobe, 13 da ɗan ɗoriya. Ya ajiye ma'aunin ya ce, “Samari, wannan zoben ba na wannan tiyon ba ne. Ko kun kwana bakwai kuna murɗawa ba zai zama nasa ba.”

Muka ce, “Baba, tsagar fa? Ko a sa gam?” Ya ɗaga murfin ya duba a hasken rana, ya girgiza kai. Ya ce tsagar da ta tashi daga haƙora, duk lokacin da aka sake murɗa wani abu a wurin ƙara buɗewa take yi, kuma shi ba zai ɗora gam a kan abin da ke saman kayan wuta ba. Muka ce to da mun naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo a haƙoran tun farko fa? Ya cire gindin mahaɗin ya nuna mana wata 'yar baƙar roba mai kama da zobe da ke kwance a ƙarƙashinsa. Ya ce, “Kun ga wannan? Ita ce ke tare ruwa. Haƙoran riƙewa kawai suke yi. Da zarar ta zauna ta ɗan matsu, aiki ya ƙare. Duk ƙarfin da kuka ƙara bayan nan, murfin kuke ba wa. Tef kuma cika ramin zai yi ya ƙara tsaga shi.” Ya ce da murfin bai fashe ba, da sai mu ajiye zobban a gefe, mu cusa tiyon a hanci yadda yake, ya ba mu kilif irin na tiyon fetur mu ɗaure, mu yi aikinmu har zobban da suka dace su iso. Wato mafita tana bayan layinmu a kan kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba, mu kuwa muka zaɓi reza da filaya a tsakar dare.

Daga baya, da muka koma muka karanta abin da ya kamata mu karanta tun farko, mun gane Baba ya faɗi daidai. Haƙoran da ke jikin kusan duk kayan sanyaya kwamfuta da ruwa iri ɗaya ne, ana kiransu G1/4. Asalinsu awon bututun Ingila ne, wanda aka gina a kan tsarin haƙoran noti da Joseph Whitworth ya fitar a 1841. Miƙaƙƙu ne, ba sa tsukewa a ƙarshe, shi ya sa ba su ne ke tare ruwa ba. Sunan ma yana ruɗarwa: an ce kwata na inci, amma idan ka auna haƙoran za ka samu kusan milimita 13. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka 3/8 bai cika 10 ba, 9.5 ne, rabin inci kuma 12.7 ne. Tiyo mai laushi yakan yafe wannan ɗan bambanci domin yana miƙewa. Masu amfani da sandararren bututu ba su da wannan sauƙi, a wurinsu bututun milimita 12 da na rabin inci abu biyu ne daban, kowanne da mahaɗinsa. Ga awon Ingila, ga awon mita da Faransa ta fito da shi a shekarun 1790, ga kayan an ƙera a Sin, duk sun haɗu a kan teburinmu, mu kuma muna karanta rabin lamba.

Ranar Laraba ta tafi a jiran kati ya bushe. Ruwan tatacce ne, kuma babu wuta a jikin katin lokacin da ya jiƙe, waɗannan biyun ne suka cece mu. Ranar Alhamis da safe muka kwance duk abin da muka haɗa, muka mayar da tsohuwar fanka, muka saka katin, muka yi bisimilla muka danna. Hoto ya fito. Babbanmu ya zauna a ƙasa ya daɗe bai tashi ba.

Amma kwana biyu sun tafi, kuma kwamfutar ta koma halinta na da. Muka riƙa tacewa da rana, mu bar fitarwa sai tsakar dare lokacin da gari ya ɗan huce. Duk da haka Juma'a ta yi muna da rabin aiki. Bayan la'asar muka tafi gidan Hajiya mu biyu, muka durƙusa muka gaishe ta, muka faɗi gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Da kun gaya mini tun ranar Laraba, da na san abin da zan ce wa yarinyar. Ta tara ƙawayenta gobe da safe za su kalla tare kafin ta tafi.” Muka ba da haƙuri, muka mayar da wani ɓangare na kuɗin. Amarya ta tafi Legas ba ta ga bikinta ba, sai ranar Litinin muka tura mata. Bayan wata biyar an yi bikin ƙanwarta, wani shagon aka ba aikin. Ba mu ga laifinsu ba.

Oda ta biyu a gaban allo ɗaya muka yi ta, ɗaya yana karanta lambobin da ƙarfi, ɗaya yana duba ledar tiyo. Muka sayi mahaɗai na 10/16 don su dace da tiyon da ya rage mana. Ashe ma shi ya fi: namansa milimita 3 ne, na 10/13 kuwa ɗaya da rabi, don haka ba ya saurin lanƙwashewa ya toshe hanyar ruwa a kwana. Muka ƙara mahaɗai biyu masu gwiwa saboda wurin da ya matse tsakanin lagireto da tanki. Sabon farantin muka zaɓi mai baƙin murfi na roba da ake kira asital, ba a ganin ruwa ta cikinsa, amma ba shi da saurin tsagewa. Muka kuma jira sai ranar da babu aikin kowa a hannunmu.

Ko a karo na biyun tiyon bai bar mu haka nan ba. Mun koyi cewa yankan baki sai ya zama a miƙe, idan ya karkace gefe ɗaya ba ya kai gindin hanci. Sau biyu muna cusa tiyo da ƙyar sannan mu ga zoben yana kan tebur, sai mun sake zarewa. Mun gane cewa idan kana murɗa zobe, tiyon yana bin sa yana juyawa, kuma wannan juyin yana iya kwance gindin mahaɗin da ke ɗaya ƙarshen ba ka sani ba, don haka ɗayanmu yana riƙe tiyo, ɗaya yana murɗawa, bayan kowane ɗauri kuma mu koma mu taɓa na baya. Mun yanka wani guntu daidai-wa-daida, ya zama yana jan mahaɗi gefe, muka jefar muka yanka mai ɗan rara. Zoben ma ba lallai ya sauka har ƙasa ba. Idan yatsa ya gaza, kuma ka ja tiyon bai motsa ba, ya isa. Filaya tana rumfar Baba, mun kai masa ajiya da gangan.

Wannan karon katin hoto yana cikin aljihun tebur a naɗe. Gwajin yoyo ya ci yini da kwana, a kan batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta katse shi. A awa ta uku tishu ɗaya ya nuna ɗan danshi a gindin lagireto. Muka zubar da ruwan, muka kwance, sai ga 'yar baƙar robar ta goce daga gurbinta ta naɗe. Muka gyara mata zama, muka sake cikawa, muka fara ƙirga daga farko. Washegari duk tishun a bushe suke.

Ga wanda zai gwada, akwai wasu abubuwa uku da ba su shafi tiyo ba amma suna iya ɓata aikin. Kada a haɗa alminiyam da jan ƙarfe a zagaye ɗaya, domin ruwan zai sa alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa. Baba ya yi mana tayin wani ɗan lagireto mai kyau na alminiyam, dole muka ba shi haƙuri. Kada a zuba ruwan leda ko na rijiyar burtsatse, gishirin da ke ciki yana daskarewa a 'yan hanyoyin farantin. Tataccen ruwa ake so, da ɗan maganin hana gansakuka, kuma mai sayen na batir ya tabbata ba wanda aka gauraya da asid aka ba shi ba. Na uku, ruwa ba ya yin sanyi fiye da iskar ɗakin da yake ciki. Idan shago yana digiri 38, ruwan zai ɗara haka. Abin da muka samu shi ne ƙwaƙwalwar ta daina kai wa iyakarta, tana tsayawa a saba'in da wani abu ko da rana tsaka, aikin minti 40 ya koma minti 40. Lagireton kuma yana shan ƙura kamar kowace fanka, a lokacin hunturu duk mako biyu sai mun busa shi.

Umma ta ji labarin daga baya, daga bakin ƙaraminmu, bayan an gama komai. Ta ce ita dai ta san ba yawan aiki ne ya hana mu magana da juna ba a ranar. Saura biya biyu mu gama da adashenta, in sha Allahu.

Da muka zauna rubuta wannan, abin da ya fi ba mu wuya shi ne sunayen kayan. A shago da Turanci muke kiransu, kuma ba mu so mu cika muku shafi da shi. Lagireto da tiyo da kilif daga bakin Baba muka ɗauko su, domin makanikai sun riga mu raɗa wa irin waɗannan abubuwa suna. Hanci da zobe da faranti mu muka laƙaba, bisa kamannin da muka gani. Mahaɗi kuwa har yanzu bai kwanta mana ba, don ya yi faɗi da yawa, ana iya kiran abu goma da shi. Idan a cikinku akwai mai gyaran famfo, ko mai aikin firji da na'urar sanyaya ɗaki, ko wanda ya tashi a gidan makanikai, muna roƙo ya gaya mana abin da ake ce wa wannan ɗan ƙarfe a wurin aikinsu, mu gyara. Haka kuma duk inda bayaninmu ya shige muku duhu, ku nuna mana sakin layin, domin mu ma koyo muke yi.